Tondibi, 1591: abin da ya karya Songhai kafin a harba bindiga

Idan aka tambayi dalilin faɗuwar daular Songhai a yaƙin Tondibi na 1591, amsar da ɗalibai suka haddace a makarantun nan Abuja, daga Kubwa har Nyanya, ita ce Maroko ta ci Songhai domin tana da bindiga, Songhai kuwa sai mashi da kwari da baka. Amsar tana da gaskiya, amma ta bar rabin labarin a waje, kuma rabin da ta bari shi ne ya fi damuna. Daular da ta riƙe Gawo da Tumbutu da Jenne, ta yaya mutum dubu huɗu da suka sha wahalar Sahara za su rusa ta a yini guda?

A fara da gadon sarauta. Askiya Muhammadu ya karɓi mulki a 1493, ya tsara larduna da muƙamai, amma bai bar ƙa'idar da za ta raba gardama tsakanin 'ya'yan sarki ba. Shi kansa ɗansa Musa ne ya tuɓe shi a 1528, bayan ya tsufa ya makance. Askiya Dauda ya samu fiye da shekara talatin na kwanciyar hankali tun daga 1549, to amma da ya rasu sai 'ya'yansa uku suka hau a jere cikin shekara shida kacal: Alhaji, Muhammadu Bani, sai Isyaku na biyu a 1588. A wannan shekarar ɗan'uwansu Sadiƙu, mai riƙe da sarautar Balama a Kabara, tashar jiragen ruwan Tumbutu, ya yi tawaye, rundunar yamma ta bi shi. Isyaku ya ci nasara, sannan ya bi manyan hafsoshin yamma da kisa da ɗauri. Ke nan shekara uku kafin zuwan abokan gaba, daular ta riga ta karkashe gogaggun mayaƙanta da hannunta.

Gadon wa da ƙane ba shi ne cutar ba. A nan kusa da mu, Makau da Abu Ja da Abu Kwaka 'yan'uwa ne, sun gaji juna a sarautar Zazzau ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, garin kuma ya tsaya da ƙafarsa. Matsalar Songhai ita ce kowane ɗan sarki yana da lardi da dakaru a hannunsa, ba kuma mai iya hana shi gwada sa'arsa.

A ɗaya ɓangaren akwai Ahmad al-Mansur, wanda ya hau gadon Maroko a 1578 bayan an murƙushe rundunar Fotugal. Yana da sojan albashi masu cin kuɗi, idonsa kuma yana kan gishirin Tagaza, ma'adinin Songhai da ke cikin Sahara, da zinaren da ake musanya shi da shi. Da ya nemi harajin gishiri, Isyaku ya aika masa da masu da takalman ƙarfe, wato ya zo idan ya isa. A ƙarshen 1590 Judar Basha, shugaban rundunar al-Mansur, ya taso daga Marakesh da soja wajen 4,000, da raƙuma kimanin 8,000 ɗauke da ruwa da guzuri da albarushi da dalma. Sun iso bakin kogin Neja a ƙarshen Fabrairun 1591. Runduna irin wannan rayuwarta tana rataye ne a kan rijiyoyin hanya, kuma a ganina nan ne Songhai ta yi babbar asara: ba a cike rijiyoyin ba, ba a kuma far musu ba ranar da suka fito daga hamada a jigace.

An haɗu a Tondibi, arewa da Gawo, cikin watan Maris. Littattafan Tumbutu sun saɓa kan yawan mutanen Askiya Isyaku. Tarikh al-Sudan ya ce mahaya 12,500 da dakaru 30,000, Tarikh al-Fattash kuwa mahaya 18,000 da dakaru 9,700. Ko wanne aka ɗauka, sun ninka Marokawa sau da yawa. Bindigar wancan zamani 'yar lagwani ce, ɗurinta kamar na adakar maharba: a zuba albarushi, a tura dalma, a danna da sanda, a kai wuta. Tsakanin harbi da harbi akwai tazarar da doki zai iya cin fili. Dabarar Songhai ita ce su kora shanu wajen dubu a gaba, su tarwatsa sahun 'yan bindiga, mahaya su biyo baya. Ƙarar igwa da bindiga ta firgita shanun, suka juyo suka tattake masu su. Askiya ya janye tun ba a gama ba, aka bar wasu zaratan dakaru da suka ƙi gudu, aka kashe su a inda suka tsaya.

Da Judar ya shiga Gawo bai ga dukiyar da aka kwaɗaita musu ba. Isyaku ya yi tayin miskali 100,000 na zinare da bayi 1,000 domin su koma gida. Miskali yana kusan giram huɗu da kwata, wato zinaren ya haura kilo 400. Al-Mansur ya ƙi, ya sauke Judar, ya turo Mahmudu ɗan Zarƙun. Ramukan zinaren Bambuk da Bure da ƙasar Akan suna can kudu da nisa, Marokawa ba su taɓa kai hannu gare su ba.

Malamai ne suka ɗanɗana kuɗarsu. A 1593 aka kama manyan malaman Tumbutu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Marakesh a shekarar da ta biyo, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda aka wawashe masa littattafai kimanin 1,600, bai kuma dawo gida ba sai 1608. Askiya Nuhu kuwa, ɗan'uwan Isyaku da ya hau daga baya, ya ja ragowar rundunar zuwa Dandi, ƙasar da ke dab da iyakar Kabi ta yau, inda dazuzzuka da fadamu da zazzaɓi suka rage wa bindiga kaifi. Ya yi shekaru yana yi wa Marokawa kwanton ɓauna, ba su kuma iya cin Dandi ba.