Ga ɗan uwan da ke son sayen raifil ɗinsa na farko a Texas

Tun bayan sanyin nan na Fabrairun 2021 da ya ɗauke mana wuta kwana da kwanaki a Texas, mutanenmu da dama suka shiga maganar zama cikin shiri, wani ya sayi janareto, wani ya tara ruwa da shinkafa a gareji, wasu kuma hankalinsu ya tafi kan bindiga. To ni dai ra'ayina in har za ka saya, sayi raifil na farauta mai sauƙi, ka rage kuɗi mai kauri don madubin hange da harsashin koyo da wurin kullewa. Bindigar da ba ka iya ta ba babu shirin da ta ƙara maka wallahi.

Fara da doka tukuna. A shagon da ke da lasisi za ka cike fom 4473, su bincika sunanka ta tsarin NICS na FBI, kuma sai ka kai shekara 18 kafin su sayar maka da doguwar bindiga. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, yana iya saya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi sai da wasu sharuɗɗa, kamar mallakar lasisin farauta, don haka ɗalibanmu ku yi hattara sosai, kada abokin wani ya ce zo in saya maka da sunana, wannan babban laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Kuma duk abin da nake faɗa na nan Amurka ne fa, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, ko bindigar farauta sai da lasisin 'yan sanda.

Bindigar da nake ba mutane shawara ita ce irin wadda kake ja da hannu ka ɗana harsashi ɗaya bayan ɗaya, Ruger American ko Savage Axis, in aljihu da nauyi Tikka T3x ta ƙasar Finland. Ba su da tarkace da yawa, wanke su ba wuya, kuma suna koya wa mutum natsuwa tunda kowane harbi sai ka sake ɗanawa. Harsashi kuwa .308 Winchester nake so, tun 1952 yake kasuwa, kuma da wuya ka shiga shagon kayan farauta ko a ƙauye ne ka rasa shi, ai ga mai maganar shiri wannan shi ne kan gaba. 6.5 Creedmoor ma yana da kyau, bai kai .308 dukan kafaɗa ba, masu ƙaramin jiki sun fi jin daɗinsa.

Amma in mutum bai taɓa harbi ba sam, gara ya fara da bindiga mai ƙaramin harsashi na .22 kamar Ruger 10/22, harsashinta araha ne ƙwarai kuma kusan ba ta duka, sai ka yini kana koyon riƙo da numfashi da yadda ake matsa kunama a hankali ba tare da ka tsorata da ƙara ba. Sai dai a sani a Texas an hana harbin barewa da irin wannan harsashin, na koyo ne da ƙananan dabbobi kamar zomo.

Madubin hange nan ne mutane suka fi yin asara. Sai mutum ya zuba kuɗinsa kaf a bindiga sannan ya ɗora mata madubi mafi arha da ya gani a intanet, bayan harbi kaɗan saiti ya goce, ko kuma da asuba da gab da magariba, lokacin da barewa ta fi fitowa, ya leƙa ya ga duhu kawai. 3-9x40 ya ishe ka, ma'ana yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, gilashin gaba kuma milimita 40 ne, Vortex da Leupold duk suna da masu kyau a farashi mai dama-dama. Kada ka ruɗu da masu ninki 24, a daji abin da kake nema ka yi saurin ganin dabbar a cikin gilashi, kuma yawan ninki yana ƙuntata abin da kake gani. Ka kula da tazarar ido da madubin, ya zama akwai kamar inci 3 zuwa 4, in ba haka ba bindiga ta ja baya ta fasa maka gira. Zobban da ke riƙe shi ma kar a yi musu rowa. Ka yi saiti a yadi 100 da irin harsashin da za ka yi farauta da shi, don in ka canza nauyin harsashi wurin da yake sauka ma canzawa yake.

Sauran kaya kaɗan ne, maratayi na kafaɗa, kayan wanke bututu, tabarau, da abin toshe kunne, wannan kam dole ne don ƙarar raifil ta wuce desibel 140 a ma'aunin ƙara, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Sai akwatin ƙarfe mai makulli, wanda ni a wurina ya kamata ya riga bindigar shiga gida. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na baƙi, ranar suna ko sallah ba ka san ɗakin da wani yaro zai faɗa ba, dokar Texas ma tana hukunta wanda ya yi sakaci yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai hannu ga bindiga mai harsashi. Ka cire harsashi ka kulle shi daban.

Sannan ka yi kwas ɗin koyon farauta, duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumban 1971 zuwa yau jihar ta wajabta masa in zai yi farauta. Can za su nanata maka cewa kowace bindiga ka ɗauka tana da harsashi, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka nufin harbi, kuma ka san abin da ke bayan dabbar kafin ka taɓa kunama. Bismillah kuma kar a manta da ita lokacin harbi, in ka tarar da barewar da sauran rai ka yanka, don haka wuƙa mai kaifi ma ta shiga jaka.