Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Jirage Suka Iso Turabulus

A makon jiya na tsaya inda zanga-zangar Bengazi ta rikiɗe ta zama yaƙi. Lokacin shekarata uku ina aikin gidan burodi a Turabulus, babban birnin Libiya, wajen wani dattijo Balarabe da nake kira Baba Alhaji.

Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wai don kare fararen hula. Kwana biyu bayan haka jiragen Faransa suka fara luguden wuta kusa da Bengazi, Amurka da Ingila suka biyo baya da makamai masu linzami. Cikin dare muna kwaɓa fulawa muka ji ƙasa ta girgiza, har gari ya zubo daga bakin buhu.

Ni dai na ɗauka Baba Alhaji zai yi murna, don ba ya ƙaunar Gaddafi ko kaɗan. Ƙaninsa ya shiga kurkuku shekaru da dama, a can ya rasu, ko gawarsa ba a ba su ba. Sai na ce, "Baba, ga taimako ya zo."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana kallona. "Ɗana, kura ba ta rakiyar akuya don Allah. Italiyawa ma da suka zo a 1911 cewa suka yi za su raba mu da Turkawa, ƙarshenta suka rataye Umar Mukhtar, jagoran masu yaƙar mulkinsu, a 1931. A 1986 ina garin nan Amurka ta jefo bama-bamai. Iraƙi fa? Ina makaman da suka ce Saddam ya ɓoye?" Ya nuna talabijin, inda ake nuna Bahrain. "Can ma ana kashe masu zanga-zanga, wa ya tura jirgi? Mu man fetur gare mu."

Abin ya tsaya mini a rai, mutumin da aka zalunta haka amma yana tsoron mai cetonsa fiye da azzalumin. Washegari ma Amr Musa, sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, wadda ita ta nemi a hana jiragen Gaddafi tashi, ya fito yana ƙorafin cewa ba ruwan bama-bamai suka nema ba.

Da asuba, muna fitar da burodin farko, Baba Alhaji ya danƙa mini kuɗin wata biyu. "Ka nemi motar Sabha, can kudancin ƙasar, ka bar garin nan. An fara cewa duk baƙar fata sojan haya ne."

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.