Rufe wasa don gyara: darussa daga ɓangaren masu riƙe da saba

Masu buga eFootball a fadojin Birni da Zango sun saba da safiyar Alhamis. Ka buɗe wasan, ya ce maka ana gyara, ka aje waya ka ci gaba da shayinka. Konami, kamfanin da ya yi wasan, yakan rufe sabobinsa (saba ita ce babbar kwamfutar da wasan ke gudana a kanta) daga ƙarfe 2 na dare zuwa 8 na safe agogon UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, wato daga 3 zuwa 9 a Damagaram. In ka juya lokacin zuwa agogon Tokyo sai ka ga ya faɗo daga 11 na safe zuwa 5 na yamma, tsakiyar ranar aiki. Haka ma wasan EVE Online, wanda kamfaninsa ke Reykjavik: kullum yana rufewa ƙarfe 11 UTC, sha biyun rana a nan, na ƴan mintoci. Darasin farko yana nan. Sabon shiga yakan nemi sa'ar da ƴan wasa suka fi ƙaranci kawai, ya manta cewa waɗanda za su yi gyaran su ma mutane ne, kuma mai gyangyaɗi ƙarfe huɗu na asuba shi ke goge abin da bai kamata ba. Ana neman inda biyun suka haɗu: ƴan wasa sun ragu, ma'aikata idonsu biyu.

Sa'ar ƙarancin kuwa ba a cinta da ka. Ana ɗauko lissafin yawan waɗanda ke cikin wasan a kowace awa, na mako huɗu aƙalla, a duba inda layin ya fi yin ƙasa. Kuma layin yana motsi. Ƙarfe uku na dare da ake ganin kowa ya kwanta, a watan azumi cike yake da samari daga bayan asham har sahur. A Afrilu da Mayu zafi na hana barci da wuri, wayoyi na hannu har dare ya raba. Jadawalin da aka tsara a Janairu ba ya aiki duk shekara. Ranar Juma'a kuma a bar ta, saboda in gyara ya ɓaci da yamma, Asabar da Lahadi za su same ka babu mai taimaka maka.

A rubuta lokaci da UTC, sannan a ƙara na gida. Nijar tana kan UTC da awa ɗaya duk shekara, amma Faransa na canza agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, Amurka kuma a Lahadi ta biyu ta Maris da ta farko ta Nuwamba. Sanarwar da ta ce "agogon Paris" daidai take da namu a lokacin sanyi, da bazara kuma ta wuce mu da awa guda. Kwana biyu ko uku kafin ranar a fara sanarwa, a cikin wasan kansa, tunda yawancin masu bugawa ba sa bin shafin kamfani.

Inda aka fi jin kunya shi ne tsawon lokacin. An ce awa biyu, an shiga ta biyar. Kusan kullum abin da ke cinye lokacin shi ne rumbun bayanai. Ɗora sabuwar manhaja a saba aikin mintoci ne, amma canza fasalin tebur, wato jadawalin cikin rumbun da ke ɗauke da kayan miliyoyin ƴan wasa, wani abu ne daban. Umarnin da ya gama cikin daƙiƙa biyu a kwamfutar mai rubuta shi, wadda ke da layi dubu, yana iya shan minti arba'in a kan na gaske, kuma teburin a kulle duk tsawon lokacin. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, gina fihirisa (jerin da ke saukaka neman bayani) ta hanyar da aka saba na hana rubutu a teburin har ta gama. Akwai hanyar gina ta wasa na tafiya, tana da jinkiri amma ba ta tsayar da kowa, don haka irin wannan aiki tun kafin ranar ake gama shi. Abin da ya rage kuma a gwada shi a kan cikakken kwafin bayanan gaske, da agogo a hannu, sau biyu. In gwaji ya ba da minti 40, a ƙara lokacin ɗaukar kwafin ajiya, da na dubawa, da na komawa baya in abin ya ƙi, sannan a faɗa wa jama'a jimillar. Buɗewa kafin lokacin da aka ambata ba ya ɓata wa kowa rai.

Kwafin ajiya kuwa, sai an taɓa mayar da shi an ga ya tashi ake ƙirga shi. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbun kamfanin yana zaton ƙaramin yake taɓawa. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar da ake taƙama da su, sai aka tarar ba sa aiki. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi. Ba wasa ba ne GitLab, amma rumbun iri ɗaya ne.

Rufewar kanta tana da jeri. Kantin cikin wasa ake fara rufewa, kamar minti talatin kafin lokaci. Daga nan a daina haɗa sababbin karawa, gwargwadon tsawon karawa mafi daɗewa: in wasan na ɗaukar minti ashirin, a tsayar da haɗawa saura minti ashirin da biyar, waɗanda ke ciki su gama a rubuta musu makinsu. Sai a hana shiga, a jira duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar saba ya sauka a rumbu, a ɗauki kwafi, sannan a taɓa wani abu. Wanda ya kashe saba kai tsaye ya yanke wa mutum wasa yana gab da cin nasara, kuma wannan ba ya mantuwa.

Maganar kanti tana da nauyi a wajenmu saboda yadda ake biya. Mai biya da kuɗin waya, an cire masa sefa nan take, amma saƙon da ke tabbatar wa saba cewa an biya yakan makara. In ya iso saba na rufe, kuɗi sun fita, kaya ba su shiga ba, sai rigima. Shi ya sa ƙofar karɓar wannan saƙo ba a rufe ta tare da sauran. Ta ci gaba da karɓa tana jerawa, in an buɗe a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane da lambarsa, don kada saƙon da aka maimaita aikowa ya sa a ba mutum kaya sau biyu.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne sa'ar yanke hukunci. Tun kafin a fara a rubuta: in ƙarfe kaza ta yi ba a kai mataki kaza ba, an fasa, a koma tsohuwar siga. Mutum ɗaya ke riƙe da wannan magana, kuma kada ya zama wanda ya rubuta sabuwar manhajar, domin shi kullum "saura kaɗan" zai ce. A kuma san matakin da in an ƙetare shi babu komawa sai ta kwafin ajiya. Goge tsohon shafin tebur, alal misali, ba na ranar ba ne. A bar shi sai mako mai zuwa in ƙura ta lafa.

Ga ƙaramar tawagar da ke Damagaram sabobinta na Turai, akwai ƙarin abin lura. Saba ba ta rasa wuta, kwamfutar injiniya ce ke rasawa. In rezo ya yanke ana tsakiyar canza tebur, umarnin na iya mutuwa a rabi. Duk dogon umarni a cikin tmux ko screen (manhajojin da ke riƙe aiki a kan saba ko layi ya yanke) ake sakin sa, ya ci gaba da tafiya a can ko an ɗauke wuta a nan. Baturi a cike, layin waya biyu na kamfanoni daban-daban a gefe.

A tabbatar kowace saba ta karɓi sabuwar sigar, a ƙirga su da ido. Knight Capital, kamfanin cinikin hannun jari na Amurka, ya ɗora sabuwar manhaja a bakwai daga cikin sabobinsa takwas, ranar 1 ga Agustan 2012 ta takwas ɗin ta jawo masa asarar dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45.

Sai ɓangaren wayar ɗan wasa, wato sabunta manhaja, abin da samarin fada ke kira mizajur. Kafin a sa ranar rufewa, a tabbatar Apple da Google Play sun amince da sabuwar sigar tana jiran saki kawai. In saba ta koma sabuwa alhali kantin manhaja na ba da tsohuwa, kowa na waje. Girman abin saukewa ma a faɗe shi cikin sanarwa da adadin mega. Mai sayen forfe na kwana ɗaya yana bukatar sanin ko mega 80 ne ko 800 kafin ya danna, kuma in saukewar ta katse ta ɗora daga inda ta tsaya. Ba da damar saukewa tun daren jajibiri na rage cunkoso, yana kuma barin mutum ya yi amfani da forfen dare. Fayil ɗin sabuntawar shi ma yana bukatar gwaji a na'urori iri-iri: a Disambar 2007 sabuntawar Trinity ta EVE Online ta goge boot.ini, fayil ɗin da ke tayar da kwamfuta, a wasu kwamfutocin Windows XP, suka kasa tashi.

Buɗewa ta fi rufewa haɗari. Mutanen da a ranar yau da kullum suke shigowa a warwatse cikin awa shida, yanzu duk suna bakin ƙofa suna danna maɓalli ɗaya, ga ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe amsoshin da aka saba nema fayau, kowace tambaya sai ta je rumbu. A ɗauka sabar shiga na iya karɓar mutum 200 a daƙiƙa, 60,000 na jira. In an jera su, minti biyar sun shige. In an sake su gaba ɗaya, ta faɗi, wayoyin su sake gwadawa tare, ta sake faɗuwa. Maganin yana cikin manhajar wayar: in an ƙi ta, ta jira daƙiƙa 2, sai 4, sai 8, har zuwa 60, da ƙarin ƴan daƙiƙu da suka bambanta daga waya zuwa waya don kada su dawo a lokaci guda. Kafin jama'a, ma'aikata kaɗai ke shiga na minti goma sha biyar: su buga karawa ɗaya, su sayi abu ɗaya, su fita su dawo su ga kayan na nan.

Ƙananan abubuwa ne ke saura, kuma su ake mantawa. Ƙararrawar gargaɗin da aka kashe don kada ta dami mutane ana gyara, a mayar da ita. Aikin da ke sabunta kyautar kowace rana, in sa'arsa ta faɗo cikin rufewa, a tafiyar da shi da hannu. Wanda ya sayi garaɓasar awa 24 aka cinye masa shida, a mayar masa da shidansa, a kuma rubuta cikin saƙon buɗewa cewa an mayar.