Tafiyata Maraɗi bayan Nijar ta fice daga ECOWAS

Suna ne ya kai ni Maraɗi, ƙanwar babanmu da ke aure can ta samu jika. Daga Katsina muka shiga motar Jibia, hanyar nan dai kun santa, shinge kan shinge saboda 'yan bindiga, kowa a motar yayi tsit har muka wuce Magama. Ni fargabata ɗaya, tunda fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025 na ɗauka sai an nemi biza, ashe ba haka bane, a Ɗan Issa jandarma ya duba katina ya miƙo min yace mu wuce.

To daga nan fa aka ɓarke da musu. Wani matashi ɗan Tibiri da ke gefena yace wallahi ko a jikinsu, wai ƙungiyar da tace zata kawo musu yaƙi saboda hamɓararren shugaba Bazoum bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ta rufe boda, Najeriya ta yanke musu wuta alhali yawancin wutarsu daga wajenmu take zuwa, me zasu zauna yi a cikinta? Sai cewa yake zancen ƙasa ne, zancen ƙasa ne. Wata dattijuwa mai fataucin atamfa tace masa ɗana kai dai baka da kaya a hanya ne lokacin, mu da muka ga albasa na ruɓewa a mota kuma magani yayi tsada mu muka san abinda aka yi, amma fitar ma ba ita zata cika min tukunya ba. Yace Hajiya ai mutunci ya fi tukunya, tace Allah ya baka iyali sai mu sake maganar. Har direba sai da ya dara.

Ni dai a ganina takunkumin nan shi ya ɓata komai, duk da an ɗage shi a Fabrairun 2024 mutane basu manta ba, kuma wanda ya sha wahalar ba Janar Tiani da ya karɓi mulkin Nijar bane, talakan Maraɗi ne da na Jibia waɗanda kakanninsu ɗaya, kar ku manta har yau Sarkin Katsina ake ce ma sarkin Maraɗi.

A gidan sunan ma da dare ana shan shayi maganar kenan. Mijin gwaggo, tsohon malamin makaranta ne, shi baya murna ko kaɗan, yace Nijar na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, yanzu sojoji sun fitar da ita ba wanda aka tambaya, amma a hankali yake faɗa yana waige-waige. Ɗansa kuwa har ya ƙosa ya karɓi sabon fasfo na AES, ƙawancen da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa. Na tambaye shi harajin kashi 0.5 da AES ta sa wa kayan da ake shigowa da su, harda na Najeriya, wa zai biya? Yace yaya ku dai ku fara gama layin dogon Kano zuwa Maraɗi tukuna. Uban yace a zuba masa shayi na biyu, a bar maganar haka akwai baƙi.