Ranar da birki ya yi tauri kamar dutse

Ina shekara ta biyu da fara koyon kanikanci a wani gareji a Sabon Gari, wani direban Golf mai jigila tsakanin Zariya da Kaduna ya shigo da rana tsaka, gumi sharkaf. Ya ce yana gangarowa daga gadar Kwangila ya taka birki ya ji kamar dutse, sai da ya kusa miƙewa tsaye a kan feda kafin motar ta tsaya, ga fasinja cike. Maigida ya tafi masallaci. Na duba man birki, yana nan daidai. Na sa wani yaro yana taka feda, ni ina bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina fitar da iska. Babu abin da ya canja.

Da maigida ya dawo ko sifana bai ɗauka ba. Ya shiga mazaunin direba, mota a kashe, ya taka birki sau biyar ko shida, ya danne, sannan ya tayar da injin.

"Kai, zo ka duba ƙafata. Ta ɗan sauka?"

"A'a, Oga."

"To, ba a taya matsalar take ba."

Abin da ya gwada shi ne sabo (servo), wato baƙin tulun nan da ke bayan masta, famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Injin yana zuƙe iskar cikinsa ta wani tiyo, wannan zuƙar ce ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. In sabo lafiya yake, da injin ya tashi za ka ji feda ya ɗan nutse. Iskar da na yi ta nema a cikin mai kuwa laushi take sa feda, ba tauri ba. Wannan bambancin ya zauna mini a kai tun daga ranar.

Maigida ya buɗe bonet ya ce in kasa kunne. Ga wani siririn huci, injin kuma yana rawa a silo. Ya lanƙwasa tiyon kusa da manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga injin, sai ga tsaga ta buɗe baki ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Zafin injin ya busar da robar. Bai tsaya nan ba, ya zare ɗan bawul ɗin da ke kan tiyon ya hura ta kowane ɓangare, don iska ta hanya ɗaya kawai ya kamata ta wuce. Lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, da na ce sabon ne ya mutu, da bawan Allah nan ya je ya ciwo bashi ya sayo wani, alhali guntun tiyo ne. Muka sa sabon tiyo, ya zagaya ta PZ ya dawo, ya taka birki a bakin gareji da kan ƙafa kawai, motar ta tsaya cak.