Kafin a rubuta x

Koyar da lissafi a ƙaramar sakandare ya nuna mini cewa warware 3x + 12 = 48 ba ya kayar da yara. Inda gizo ke saƙar shi ne a ba su labari, a ce su fitar da lissafin daga cikinsa da kansu. Nan take ido zai faɗa kan lambobi, a tara wannan, a ninka wancan, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ake nema.

Shi ya sa a ajina ba a rubuta x tsirararsa. Sai ɗalibi ya fara faɗin labarin da Hausa, tunda da Turanci tambayar ke zuwa a WAEC da NECO, sannan ya rubuta cikakkiyar jimla: x shi ne shekarun ɗa a yau.

Ga wadda na fi ba su. Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau 3, bayan shekara 12 kuma za su ninka sau 2. Da yawa kan rubuta 3x + 12 = 2x + 12, su sami x = 0. Ba na cewa sun yi kuskure. Tambaya nake yi: "Wato yau aka haifi yaron, uban kuma shekararsa nawa?" Sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, ai shi ma ɗan zai ƙara shekara 12." Daga nan baka biyu suka shigo: 3x + 12 = 2(x + 12). Ɗa 12, uba 36. Nan gaba 24 da 48. A cikin labarin ake gwada amsa, domin lissafin da aka gina a karkace zai yarda da amsar da ta karkace.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi shi, kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake. Nakan ba su irinsa: bayan an fitar da haƙƙin sauran magada, naira 700,000 ta rage wa 'ya'ya maza 2 da mata 3. Idan x rabon mace ne, namiji yana da 2x, jimla 7x. Mace 100,000, namiji 200,000. Yaran da ke zuwa Islamiyya kan riga ni faɗin 2x ɗin tun ban juya ga allo ba.