Inci 20 ko Inci 17: Yadda Na Sauya Rim ɗin Hilux Ɗina

Hilux ɗin da na saya ta hannu ta zo mini da rim mai inci 20, na alminiyam ɗin nan mai sheƙi da masu sayarwa ke kira aloi, kuma ba zan ɓoye ba, kyansa yana cikin abin da ya ja ni. Kwana biyar a mako motar ba ta wuce kwaltar cikin Katsina, daga gida zuwa makarantar yara sannan wajen aiki, amma duk Asabar sai na kama hanyar Daura, na wuce gonarmu da ke wajen Zango, inda kwalta ke ƙarewa a koma burji, burjin ma ya ƙare a faɗa rairayi.

Wata Asabar da damina, wani rami da ruwa ya rufe ya daki tayar gaba. Gefen tayar ya kumbura, leɓen rim ɗin kuma ya tsage. Mai facin da na tsaya wajensa a Daura, dattijo ne, ya shafa tsagar da yatsa ya ce, "Alhaji, da na ƙarfe ne da na buga maka shi da guduma ka tafi. Wannan ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Kuma dubi tayarka, ai ba ta da nama."

Wannan naman shi ne abin da ban fahimta ba sai daga baya. Lambobin da ke jikin taya, misali 265/65R17, suna nufin faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, rim ɗin kuma inci 17. Idan aka yi lissafi, gefen wannan tayar, wato naman nata, ya kai kusan milimita 172, alhali 265/50R20 da ke jikin motata ba ta wuce 133 ba. Abin mamakin shi ne tsayin duka ƙafar, rim da taya a haɗe, kusan ɗaya ne, milimita 776 da 773. Ashe babban rim bai ɗaga motar daga ƙasa ko kaɗan ba. Roba kawai ya rage ya cike gurbinta da alminiyam, kuma wannan robar ce ke shanye dukan rami kafin ya isa ga rim da shokozoba da bayan direba.

A cikin rairayi ma haka lamarin yake. Direbobin da ke shiga ƙauyukan Baure da Mai'aduwa sun san cewa idan mota ta fara kafewa, rage iska ake yi domin tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Taya mai gajeren gefe ba ta da inda za ta baje, kuma idan aka matsa da rage mata iska, rim ne zai riƙa sukar ta daga ciki.

Na so in sauka har inci 16, domin 265/70R16 ta fi nama, kusan milimita 186. Sai dai bakanikena ya ce a gwada kafin a biya, saboda a wasu motocin kan birkin gaba yana da girman da inci 16 ba ya rufe shi. Ban da haka, nama mai yawa yana sa mota ta ɗan riƙa lilo a kwana idan ana gudu a kwalta, ni kuwa a kwalta na fi yin tafiya. Inci 18 ya fi daɗin sitiyari a titi, amma tayarsa ta fi tsada, kuma a ƙananan garuruwa 17 na fi gani a jingine a shagunan taya. Na tsaya a 17, wanda da shi kamfanin Toyota ke fitar da Hilux da yawa.

Wani abokina ya yi ta zuga ni in saka 285/70R17 domin motar ta yi kwarjini. Na ƙi. Tsayinta ya kai milimita 831, wato ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka idan allon gudu ya nuna 100, a gaskiya kana 107. Motar za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, kuma tayar na iya gogar madiga idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe. Da tsadar man nan, ba zan biya kuɗin kwarjini kullum saboda tafiyar Asabar ba.

Na sayi rim biyar na ƙarfe masu ramin noti shida, har da na safaya, domin mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta son tayoyi masu bambancin tsayi. Na kuma duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera kowace taya. Yarana sun ce motar ta koma kamar ta ma'aikatan gona. Tsofaffin aloi ukun da suka rage lafiya suna jingine a gareji, har yanzu ban sami mai saye ba.